Gida ɗaya, masu gida uku

Malam, assalamu alaikum. Ni ɗan Maradi ne, shekara 9 ke nan ina Lome ina sayar da kayan mota. Abin da na tara na zuba shi a gida guda a unguwar Zariya: shambur-salon (ɗaki da falo) 5 da shago 1 a bakin hanya. Kowane ɗaki jaka 25 (jaka guda sefa dubu ce), shago jaka 15, wato jaka 140 a wata. Na damƙa riƙon gidan a hannun yayana, uwa ɗaya uba ɗaya. A shekarar 2024 gaba ɗayanta jaka 900 ce ta iso hannuna, alhali a lissafina miliyan 1 da jaka 680 ya kamata in gani. In na tambaye shi sai ya ce an yi gyara. Ya ce katanga da kwasar masai sun ci jaka 180, amma babu takarda ko guda. 'Yan haya duk suna da lambata, kullum saƙon murya. Ɗaya daga cikinsu, mai harka a Jibiya, ya kira ni lokacin da aka rufe iyakar Najeriya, na yafe masa wata 2, ban gaya wa Yaya ba, har suka yi cacar baki a ƙofar gida. Inna kuma ta sa ɗan ƙanwarta mai karatu a jami'a a ɗaki guda, ba ya biyan ko dala. Wani ɗakin ya yi wata 3 babu kowa. Yanzu Yaya ya daina ɗaukar wayata, ya aika wa matata cewa in zo in karɓi makullaina. Abokai na cewa in sayar da gidan ko in ba ɗan kamasho. Zuciyata na zargin yana cin kuɗin, amma ina jin nauyin in faɗa. Me zan yi?

Wani ɗan Maradi mazaunin Lome

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ƙara buɗi, ya sa gumin da aka zuba a bakin teku ya zama inuwa a gida.

Kafin in ce komai sai da na ɗauki bik na bi lissafin da ka kawo, don na lura kai kanka ba ka bi shi har ƙarshe ba. Tsakanin abin da ka sa rai da abin da ya zo akwai giɓin jaka 780. Ɗakin ɗan ƙanwar Inna, jaka 25 sau 12, ya ɗauke 300. Yafiyar da ka yi da bakinka ta ɗauke 50. Ɗakin da ya zauna wata 3 a rufe, 75. Gyaran da Yaya ya ambata, 180. Haɗa su, 605 ke nan. Abin da ya rage wanda ba a san inda ya shiga ba jaka 175 ne a shekara, bai kai jaka 15 a wata ba. Kai kana kwana kana tashi da jaka 780 a zuciyarka, kana ganin fuskar yayanka a kanta, alhali jaka 350 daga ciki kai da Inna kuka sallama su.

Ba na ce Yaya bai taɓa komai ba. Wataƙila ya taɓa. Mutum mai iyali, kuɗi na biyo ta hannunsa kowane wata, ga azumi, ga Sallah, ga rashin lafiyar yara, da wuya a ce bai taɓa cewa "bari in ara in mayar" ba. Amma ka duba wasiƙarka da kyau: babu inda ka ce ka yanka masa wani abu na wahalarsa. Shi ke hawa kabu-kabu ya je Zariya, a ce masa mai ɗakin ya fita, ya koma gobe. Shi ake tayarwa da dare in masai ya cika. Shi ke tsayuwa a kan magini cikin rana. Duk wannan ka ɗora shi a kan zumunci, shi kuma ya ji nauyin ya ce maka "ƙanena, biya ni". Kai ka yi shiru don kada a ce ka mai da wanka ɗan aiki, shi ya yi shiru don kada a ce yana kwaɗayin dukiyar ƙani. A cikin shirun nan biyu ne jaka 175 ta ɓace, kuma a nan zargi ya samu wurin zama.

Babbar cutar gidanka dai ita ce yana da masu gida uku, kuma kowanne na ba da umarni ba tare da sanin sauran ba. Akwai kai a Lome da waya a hannu. Akwai Yaya da makulli. Akwai Inna da maganar da ba a mayarwa. Ɗan haya ba wawa ba ne. Da zarar ya gane cewa in Yaya ya matsa masa zai iya kewayawa ta WhatsApp ya samu sassauci daga Lome, to Yaya ya zama hoto. Ka sa kanka a matsayinsa ranar da ya je karɓar kuɗin nan. Ya yi sallama, ya tambayi haya ta wata 2, mutumin ya dube shi a gaban mata da yara ya ce ai mai gidan na ainihi ya yafe. Wannan kalma ta "na ainihi", ko ba a furta ta ba, Yaya ya ji ta. Babban wa ne, a garinsu, a gaban baƙi, ƙaninsa ya nuna cewa maganarsa ba ta wuce bakin zaure ba. Ina ganin ranar nan ce ya fara tunanin maido maka makullai, ba ranar da ka tambayi kuɗin katanga ba.

Yafiyar kanta ba laifi ba ce, alheri ce. Kowa a Maradi ya san abin da rufe iyaka daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa Maris na 2024 ya yi wa masu bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina, ga darajar naira da ta zube a kan masu ajiye jari da ita. Ka tausaya, Allah ya ba ka lada. Kuskuren shi ne hanyar da alherin ya bi. Da ka ce wa mutumin "na ji, zan yi magana da Yaya", sannan ka kira Yaya kuka yanke, shi ya je ya isar da albishir, da ɗan hayar ya samu sauƙinsa, Yaya ya samu girmansa, kai ka samu ladarka, kuma jaka 50 ɗin dai ita ce ba ta ƙaru ba.

Don haka abu na farko ba lissafi ba ne, ban haƙuri ne. Kuma ba ta saƙon murya ba. Saƙon murya ya yi mana rana, musamman ga wanda bai iya karatun boko ba, amma yana da mugun hali: ana ajiye shi, a sake saurare cikin fushi, a tura wa wani ya fassara. Magana ta minti 2 sai ta yi wata tana yawo a dangi, kowa na ƙara mata gishiri. Tunda ya daina ɗaukar wayarka, kada ka bi ta wajen matarka, don shigar mata cikin lissafin 'yan'uwa maza ba ya ƙarewa da daɗi, kuma ita za a bar wa tabon. Nemi wani babba da ku duka kuke jin nauyinsa, baffa ko kawu ko limamin unguwarku, ya kira shi ya haɗa ku. In kuwa da hali, ka taso ka zo. Na san hanyar Lome ta Burkina ba wasa ba ce a wannan zamani, amma gidan da ya ci maka shekara 9 ya cancanci tafiyar mako guda, ɗan'uwa kuma ya fi gidan. Ka zauna ƙasa, ka ce: "Yaya, na yi kuskure da na yanke magana da ɗan haya ban sanar da kai ba, kuma na bar ka da wahala ban taɓa tambayar abin da take ci maka ba." Daga nan ka yi shiru ka saurara. Zai faɗi abubuwan da ba ka sani ba, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kai kuwa hoton gidan kawai kake gani a waya.

Game da jaka 180 ta gyara, ka tuna wace shekara ake magana. Daminar 2024 ta yi wa Maradi ɓarnar da ba a manta ba, gidaje sun zube, katangu sun kwanta, magina da siminti suka yi wuya a lokaci guda. Garin nan dama da ruwa aka san tarihinsa, ambaliyar 1945 ce ta sa aka tashi daga fadama aka hau tudu, kuma ƙasar tudun yashi ce, ruwa na cin gindin gini yadda ya ga dama. Katanga da kwasar masai a jaka 180 a irin wannan shekara ba abin da zai sa in ɗaga gira ba ne. Rashin takarda ma ba shaidar ci ba ne. Wane magini ne a garin nan yake ba da rasit in ba an tambaye shi ba? Wane mai amalanken yashi? Ba ka ce a riƙa rubutawa ba tun farko, saboda haka shekarar 2024 ka rufe ta. Ka faɗa da bakinka cewa abin da ya wuce ya wuce, babu bin diddigi. Jaka 175 ba ta kai kuɗin da za ka saya wa kanka gaba da ɗan'uwa ba.

Sai sabon shafi, kuma a nan nake so ka cije ka ajiye kunya. Malamanmu na fiƙihu sun ce ijara, wato ɗaukar mutum aiki, ba ta inganta sai da lada sananne da aiki sananne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ba ta ware 'yan'uwa ba. Wanda ya ce rubutu tsakanin wa da ƙani rashin yarda ne, ka tuna masa da wannan. Ka yanka wa Yaya rabonsa a fili. Masu riƙon gidaje da yawa kashi 1 cikin 10 na abin da aka karɓa suke ɗauka, kai kana iya yin haka ko ka ƙara, amma ya zama adadi ne da aka ambata a gaban shaida, yana cirewa da kansa kafin ya turo saura. In ya ce shi ba zai karɓi lada a kan gidan ƙaninsa ba, kuma zai faɗa, ka ce ba lada ba ne, kuɗin mai da na waya ne. Sunan da aka sa wa abin ba shi da muhimmanci, a dai san nawa ne.

Ni kaina na taɓa riƙe wa wani ɗan'uwa gida shekara 4, kuma abin da ya cece mu kaye ne guda, wato littafin rubutu na 'yan lakwal. Kowane ɗaki da shafinsa: sunan mai ɗaki, ranar da ya shiga, abin da ya ba da na abans, sannan layi 12 na watanni. Wanda ya biya a rubuta, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. A bayan kayen kuma shafin kashewa: rana, abin da aka gyara, wanda ya yi aikin, nawa. Ƙarshen wata in ɗauki hoton shafukan in tura. Yau abin ya fi sauƙi, tunda in an tura kuɗi ta NITA ko Amana ko Al Izza akwai takardar da ake bayarwa, sai a haɗa hotonta da na kayen. Ba a bukatar kwamfuta. In Yaya rubutun boko na ba shi wahala, ya yi da ajami, ko ɗansa ya riƙa rubuta masa.

Ku kuma yanke iyakar gyara. Misali duk abin da bai wuce jaka 10 ba, kan famfo, makulli, kwan fitila na tsakar gida, ya yi ba sai ya tambaye ka ba, ya dai rubuta. Abin da ya wuce haka ya turo hoto kafin a taɓa, kai kuma ka ɗaure wa kanka amsawa cikin kwana 2. Wannan sharaɗi na biyu a kanka yake, don na san halin masu gida na nesa: a turo musu hoton tsagewar bango a watan Mayu su yi shiru, bango ya faɗi a Agusta su ce me ya sa ba a gaya musu ba. Kuma ku riƙa ware wani abu kowane wata, ko jaka 10 ce, a ajiye don yaɓe da indararo da kwano kafin ruwa ya sauka. Gidan haya ba ya ba da wata 12 cif a shekara. Wanda ya gina lissafinsa a kan jaka 140 sau 12, babu ɗakin da zai zauna a rufe, babu masai da zai cika, to da kansa ya shuka ɓacin ran da zai girba.

'Yan haya kuma a tara su rana guda, kai da Yaya kuna zaune, ko kana kan waya a buɗe kowa na ji. Ka faɗa musu da bakinka cewa daga yau maganar kuɗi da gyara da ƙorafi duk a wajen Yaya take, abin da ya yanke kai ka yanke. Ba sai ka toshe lambobinsu ba, gaisuwa da barka da Sallah ba a hana su. Amma duk wanda ya kawo maka maganar haya, amsarka guda ce: "Ka gaya wa Yaya?" Sau uku za ka maimaita, su daina. Ƙofa ɗaya kawai za ka bari a buɗe, ita ma a gaban Yaya za ka ambace ta: wanda ya biya aka hana shi shaidar biya, ya kira ka. Wannan ta tsare su, ta tsare ka, ta kuma tsare shi daga zargi.

A zaman nan ne ya kamata kowa ya samu takardar haya, ko shafi guda ce. Nawa ne, ranar nawa ga wata ake biya, abans na wata nawa aka karɓa, wane gyara ne na mai gida wane ne na ɗan haya, kwana nawa za a sanar kafin a tashi ko a tayar. Ranar biya a daidaita ta da mutum: ma'aikacin da kuɗinsa ba ya zuwa sai an shiga wata, kada a rubuta masa ranar 1 sannan a yi ta faɗa da shi kowane wata a kan abin da aka san ba zai iya ba. Ba ka ambaci wuta da ruwa ba, amma na rantse akwai rigimarsu a cikin saƙonnin da ke cika maka waya, don gidan da shago da ɗakuna 5 ke kan kwantar (mitar wuta) guda ba ya rasa ta. Mai shago na da firijin ƙanƙara yana aiki dare da rana a watan Afrilu, mai ɗaki na da fanka guda, a ce a raba kuɗin kuran daidai. In da hali ka nema wa shagon kwantarsa daban a kamfanin wuta na NIGELEC, in babu a rubuta yadda ake rabon kowa ya sa hannu. Ka kuma ja kunnen Yaya, da kanka ma, a kan abin da wasu ke yi in ɗan haya ya ƙi biya: cire ƙofa, yanke ruwa, fitar da kaya waje. Ƙasar nan na da dokar haya, kuma mai gida ba shi da ikon yi wa kansa hukunci. Ana farawa da mai unguwa, wanda sulhu aikinsa ne, in ta ƙi a je gaban alƙali. A can kuwa abin da za a fara tambayarka takarda ce.

Saura Inna, kuma nan ne na fi tausaya maka. Ba za ka ce mata ta fitar da ɗan ƙanwarta ba, ni ma ba zan ba ka wannan shawara ba. Yaro ya zo karatu Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, ga gidan ɗan'uwansa, ina za a ce ya je? Amma a daina lissafa ɗakin nan cikin kuɗin da Yaya ya kasa kawowa. Ka ɗauke shi a matsayin kyautar jaka 300 da kake yi wa mahaifiyarka kowace shekara, ka yi niyya, ka samu lada maimakon ƙuna. Abin da za ka nema a wajenta, cikin ladabi, bayan an ci an sha, abu biyu ne: zuwa yaushe, wato shekara nawa ta rage masa, sannan in wani ɗakin ya zama babu kowa kada a yi wa kowa alkawari sai an yi shawara da ku biyu. Ka ce mata da kuɗin gidan nan kake son ka riƙa yi mata hidima, in ɗakuna suka cika da 'yan'uwa hidimar ce za ta ragu. Iyaye mata sun fi mu gane lissafi in aka kawo musu shi ta wannan fuska. Yaron kuma ya biya rabonsa na wuta da ruwa kamar kowa, don sauran 'yan haya na kallo.

Batun sayarwa, a'a, ba yanzu ba. Wanda ya sayar da gida cikin fushi dillalai ne ke cin ribar fushinsa, kuma a dangi za a ce ka sayar ne don ka raba kanka da wanka, maganar da za ta bi 'ya'yanku. Ɗan kamasho kuwa ba laifi ba ne, akwai masu amana a cikinsu, sai dai in ka ba shi gidan da halin da kake ciki yanzu, kana yafewa ta waya, Inna na sa mutane, babu kaye babu takarda, bayan shekara guda za ka sake rubuto mini irin wannan wasiƙa, sunan wanda ake zargi kawai zai canza. In bayan ban haƙuri da sabon tsari Yaya ya ce shi dai ya gaji, ka karɓi uzurinsa da hannu biyu, ka roƙe shi shi ya taya ka zaɓen wanda zai riƙa, a miƙa makullai a gabansa. In kuma ya yarda ya ci gaba, ku sa wa'adin wata 6, ranar da ta cika ku buɗe kayen tare, shafi bayan shafi, ku ga abin da ya shiga da abin da ya fita.